Dawakin da aka binne a tsaye

A shekarar 1978 birnin Aljas na shirin karɓar baƙin gasar wasannin Afirka karo na 3, wadda aka sa za a buɗe ranar 13 ga Yuli. Ana cikin gyare-gyare sai hukumomi suka waiwayi tsakiyar gari, suka ga abin da ya daɗe yana tsaya musu a maƙogwaro. Wani ƙaton sassaƙaƙƙen dutse ne da Faransawa suka bari, yana tsaye a cikin lambu, a kan gangaren da ya taso daga babban gidan waya ya hau zuwa fadar gwamnati. Shekara 16 ke nan da samun 'yancin kai, amma duk baƙon da ya shigo gari sai ya yi ido biyu da shi. Aka yanke shawarar a kawar da shi daga idon jama'a, a sa wani abu a gurbinsa wanda zai yi maganar 'yanci. Wanda aka danƙa wa aikin shi ne M'hamed Issiakhem, mai zanen da 'yan Aljeriya ke yawo da aikinsa a aljihu, domin yana cikin waɗanda suka zana takardun kuɗin ƙasar da kan sarkinta. Hannunsa ɗaya ne. Kuma shi da dutsen sa'o'in juna ne: a 1928 aka haife shi, a 1928 aka ƙaddamar da dutsen.

An haifi Issiakhem ranar 17 ga Yuni a ƙauyen Taboudoucht, cikin duwatsun Kabiliya, amma a garin Relizane ya tashi, can yammacin ƙasar, inda mahaifinsa ke riƙe da gidan wanka. A Nuwamban 1942 sojojin Amurka da na Ingila suka sauka a gaɓar Aljeriya, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, suka kafa sansanoni a garuruwa. A Yulin 1943, yana ɗan shekara 15, ya ɗauko gurneti daga sansanin Amurkawa ya kawo gida. Abin ya tashi a hannunsa. 'Yan'uwansa mata biyu suka rasu, da wani ƙaramin yaro na gidan, ɗa a wurinsa. Shi kuma ya yi kusan shekara biyu a asibiti, aka yanke masa hannun hagu. Wanda ya kalli zanen da ya yi daga baya zai ga mata a ko'ina, iyaye mata masu ramammiyar fuska da manyan idanu, ba mai dariya a cikinsu. Ya yi karatun zane a Aljas daga 1947, ya zauna a gaban Omar Racim, gwanin rubutun ado, sannan ya wuce Faris a 1953. A 1951 ya haɗu da marubuci Kateb Yacine, suka zama aminai har mutuwa ta raba. Lokacin yaƙin neman 'yanci alƙalaminsa na tare da 'yan gwagwarmaya, ya zana azabar da sojan Faransa ke gana wa fursunoni. Wato ba a kira wanda ke da tausayin mulkin mallaka ba.

Shi kuwa dutsen, Faransawa na ce masa Le Pavois. Paul Landowski ne ya sassaƙa shi tare da Charles Bigonet, kuma Landowski ba ƙaramin masassaƙi ba ne, shi ya tsara mutum-mutumin Annabi Isa da Kiristoci suka kafa a kan dutse a Rio de Janeiro ta Brazil a 1931. An ƙaddamar da na Aljas ranar 11 ga Nuwamba 1928, shekara 10 cif da tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya, domin tunawa da 'yan birnin da suka mutu a fagen fama. Mahaya uku ne a kan dawaki, kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya sojan Faransa ne, ɗaya Balarabe da rawaninsa, a tsakiyarsu wata mace mai fukafukai wadda Turawa ke kwatanta nasara da ita. Su ukun sun ɗaga hannu sama, sun tallafi garkuwa, a kan garkuwar ga gawar soja a miƙe. A bangwayen da ke kewaye aka sassaƙa dubban sunayen mamata.

A ido abin ya yi kyau, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Musulmin Aljeriya sama da 170,000 aka kwasa zuwa wancan yaƙi, kusan 25,000 ba su dawo ba. Ƙaryar tana wurin daidaita kafaɗun. Balaraben da aka sa a kan doki daidai da Bature, a waje ba daidai yake da shi ba. Tun 1865 dokar Faransa ta ce Musulmin Aljeriya talakan Faransa ne, amma ba ɗan ƙasa ba, sai in ya yarda ya ajiye shari'arsa ta aure da gado. Daga 1881 kuma aka kafa masa dokoki nasa shi kaɗai, waɗanda suka ba jami'in mulki ikon ya ci shi tara ko ya ɗaure shi ba tare da alƙali ba, a kan laifin da in Bature ya yi ba laifi ba ne, kamar fita daga gunduma ba takarda. Mutanen Damagaram da Maraɗi sun san irin wannan doka, don an shimfiɗa musu 'yar'uwarta. A 1912 aka ƙara da dokar shiga soja dole, wadda ta sa mutanen duwatsun Aurès suka yi bore a 1916. Ko bayan Yaƙin Duniya na Biyu, majalisar da aka kafa wa Aljeriya a 1947 kujera 60 ta ba Turawa da 'yan tsirarun da aka haɗa da su, waɗanda ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ta ba Musulmi kusan miliyan 8 kujera 60. An yarda su mutu tare, ba a yarda su yi zaɓe tare ba.

Irin waɗannan duwatsun tunawa, waɗanda ke kusan kowane gari, sun zama dandalin rigima. Ranar 8 ga Mayu 1945, ranar da Turai ke murnar faɗuwar Hitila, Musulmin garin Sétif suka fito jerin gwano za su ajiye furanni a dutsen tunawa na garinsu. Wani matashi, Bouzid Saâl, ya ɗaga tutar Aljeriya, ɗan sanda ya harbe shi. Tarzoma ta tashi, aka kashe Turawa kimanin 100, sojan Faransa da 'yan kama-wuri-zauna suka yi makonni suna ramuwa. Gwamnatin Aljeriya na cewa mutum 45,000 aka hallaka. Kateb Yacine, yana ɗan makaranta mai shekara 15, yana cikin waɗanda aka kama a lokacin.

Na Aljas kuwa Turawan birnin ne suka mayar da shi nasu. Ranar 6 ga Fabrairu 1956 sabon firayim ministan Faransa, Guy Mollet, ya zo ajiye furanni a gindinsa. 'Yan kama-wuri-zauna na zarginsa da shirin sasantawa da 'yan gwagwarmayar FLN, sai suka tarye shi da ruwan tumatir da ihu. A ranar Janar Catroux, wanda ya naɗa ya riƙe Aljeriya, ya ajiye aiki, aka kawo Robert Lacoste. Wata guda bayan haka majalisar Faransa ta ba gwamnati iko na musamman, aka yi ta turo samari har sojojin suka kai 400,000. Ranar 13 ga Mayu 1958 kuma a gindin dutsen nan aka taru, da sunan juyayin sojan Faransa uku da FLN ta kashe. Daga nan taron ya hau matakala, wani shugaban ɗalibai Pierre Lagaillarde na gaba, suka fasa fadar gwamnati. Janar Massu ya karɓi ragamar kwamitin da suka kafa, gwamnatin Faris ta girgiza ta faɗi, aka kira Janar de Gaulle ya dawo mulki. Ranar 4 ga Yuni ya tsaya a barandar fadar, sama da dawakin Landowski, ya ce wa taron ya fahimce su, kowa ya tafi gida yana zaton da shi ake.

Ƙurar da ta tashi a gindin dutsen nan ta iso har ƙasar Hausa. De Gaulle ne ya kira ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 a ƙasashen da Faransa ke mulka. A Nijar Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a'a, a ba su 'yanci nan take. Faransa ta sa ƙarfinta duka a kansu, suka sha kaye, mulki ya koma hannun Diori Hamani, aka haramta Sawaba a 1959. Wasu daga samarinta sun samu horon soja a Aljeriya bayan Aljeriyar ta sami 'yanci. Sai a Oktoban 2024 mahukuntan soja na Nijar suka cire sunan de Gaulle daga babban titin Yamai suka sa na Djibo Bakary.

Da Aljeriya ta sami 'yanci ranar 5 ga Yuli 1962, Turawa kusan miliyan ɗaya suka tsallaka teku, gumakansu suka bi bayansu. Na Duc d'Orléans da ke kan doki a dandalin gwamnati aka sauke aka kai Faransa, yanzu yana Neuilly. Na Janar Bugeaud, wanda ya ƙone gonaki da ƙauyuka a shekarun 1840, ya koma garin Excideuil, aka kafa na Sarki Abdulƙadir, wanda ya yaƙi Faransawa, a dandalin da ya bari. Na Jeanne d'Arc ya tafi Vaucouleurs. Dutsen tunawa na birnin Oran ma an yanke samansa an kai birnin Lyon. Le Pavois bai motsa ba. An goge sunayen da ke bangwaye, dawakin suka ci gaba da tsayuwa.

A shekarun nan ne Aljas ta zama masaukin duk wanda ke faɗa da mulkin mallaka ko wariyar launin fata. Frantz Fanon, baƙar fata ɗan tsibirin Martinique, likitan ƙwaƙwalwa, ya ba da ransa ga gwagwarmayar Aljeriya, a ƙasarta aka binne shi a 1961. A Maris 1962 Nelson Mandela ya je sansanin sojan FLN a Oujda ta Maroko, kusa da iyakar Aljeriya, ya ga yadda suke yaƙi. Ƙungiyoyin neman 'yanci na Afirka irin su ANC da FRELIMO da PAIGC ta Amílcar Cabral duk sun buɗe ofis a Aljas. A Yulin 1969 aka yi bikin al'adun Afirka, Miriam Makeba da Nina Simone suka yi waƙa, Archie Shepp ya busa ƙahonsa tare da makaɗan Abzinawa. 'Yan Black Panther na Amurka, Eldridge Cleaver na jagorantarsu, suka baje zanen Emory Douglas a wata cibiya a tsakiyar gari, shekara ta zagayo aka ba su gida suka kafa reshensu na ƙetare. A Nuwamban 1974 Abdelaziz Bouteflika, ministan harkokin waje, yana shugabantar babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yanke hukuncin da ya fitar da wakilan gwamnatin wariya ta Afirka ta Kudu daga zauren. Sannan aka yi kisan Soweto a Afirka ta Kudu a Yunin 1976, wata guda bayansa ƙasashen Afirka sama da 20, har da Najeriya da Aljeriya, suka juya wa gasar Olamfik ta Montreal baya saboda New Zealand na wasa da 'yan wariya. A Satumban 1977 Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariya, ya mutu a hannun 'yan sandan Afirka ta Kudu. Da wannan zuciya 'yan wasa za su shigo Aljas a 1978. Shugaba Houari Boumediene ba zai so su tarar da sojan Faransa a kan doki a ƙofar fadar gwamnati ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce guduma da katafila, kwana kaɗan an gama. Issiakhem, da ayarin masu zanen da ya jagoranta, bai bi ta ba. Sai ya gina wa dutsen ɗaki. Aka kewaye mahayan uku da gawar da suke ɗauke da ita, aka tayar da bango ta kowane gefe, aka rufe da kankare, ba a karya ƙafar doki ko ɗaya ba. A fuskar sabon ginin ya fito da hannaye biyu, manya, a dunƙule, suna tsinka sarƙa. Hukuma ta sami abin da ta nema. Baƙi suka zo suka ga alamar 'yanci, aka yi wasa aka tashi, har Aljeriya ta ci Najeriya ɗaya da nema a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa. Mutumin da ya rasa hannu yana yaro ya bar wa birnin hannaye biyu mafiya girma a cikinsa.

Waɗanda suka san shi sun ce bai iya rusa aikin ɗan'uwansa mai sana'a ba. Wannan hujja ce, amma a ganina ba ita kaɗai ba ce. A cikin dutsen akwai Balarabe mai rawani, akwai kuma gawar da ba a nuna ko ta wane ne ba. Gudumar da za ta farfasa sojan Faransa sai ta bi ta kansu. Mutum 25,000 ɗin nan suna da 'ya'ya da jikoki a Kasba da Belcourt da ƙauyukan Kabiliya, kuma sabuwar ƙasa, wadda ta cika da shahidanta na 1954 zuwa 1962, ba ta da wurin da za ta ajiye waɗanda suka mutu cikin kakin Faransa. Ba a iya yabonsu, ba a iya zaginsu. Wanda ya taɓa ganin abin da fashewa ke yi a tsakar gidansu ya fi kowa sanin cewa ba ta zaɓe.

Tambayar da hannayen ba su amsa ba ita ce wace sarƙa. Wadda ake nufi a 1978 ta Faransa ce, kuma ta tsinke. Amma wanda ya bi hanyar Sahara ya gangara kudu kusan kilomita 2,000, ya kai duwatsun Ahaggar, zai tarar da labarin wata. Kafin a isa Tamanrasset, a wajen In Amguel, hanya ta ratse gabas zuwa Idlès, a kanta ƙauyen Hirafok yake, a bakin kwari, kusa da duwatsun da mutanen dā suka sassaƙa dabbobi a jikinsu tun Sahara na da ciyawa. Ƙauyukan noma irin wannan a ƙarni na 19 aka kafa su, lokacin da Abzinawan Ahaggar suka kawo baƙaƙen manoma daga zangunan dabino na Tidikelt da Tuwat. Su ke haƙa ramukan da ke jawo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, su ke shuka alkama da gero, amma kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ne nasu, saura na mai ƙasa. A tantuna kuma akwai bayi, iklan, da yawansu daga ƙasashen kudu aka kamo kakanninsu. Faransa ta ci Ahaggar da yaƙi a Tit a 1902, ta zauna shekara 60, ba ta taɓa wannan tsari sosai ba, don da manyan Abzinawa take mulki. Gwamnatin 'yanci ce ta ce bauta ta ƙare, gona kuma ta mai nomanta ce, kuma ba a yi hakan cikin ruwan sanyi ba, an zubar da jini tsakanin masu ƙasa da manoma a farkon shekarun 1960. Wannan gwagwarmaya ce ta baƙar fata a cikin Aljeriya kanta, amma ba ita ake koya wa yara in an tsaya gaban hannayen Issiakhem ba.

Ba ta kuma ƙare ba. A Tamanrasset ana jin Hausa a kasuwa da wuraren gini, 'yan Nijar ne da 'yan Najeriya masu neman abin kai. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyaka, galibi mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Daga ƙarshen 2014 aka fara kwaso 'yan Nijar a manyan motoci ana mayar da su gida bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu. 'Yan sauran ƙasashe kuwa a kan sauke su a wani fili a hamada, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. A 2017 Ahmed Ouyahia, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, ya fito fili ya danganta baƙin haure da laifi da ƙwaya. A 2019 da Khadija Ben Hamou, 'yar Adrar a kudancin ƙasar, ta zama sarauniyar kyau ta Aljeriya, zagin da ta sha a intanet a kan launin fatarta ne. 'Yan Aljeriya da yawa sun tsaya mata, kamar yadda wasu lauyoyi da 'yan jarida suka tsaya wa baƙin. Duk wannan a ƙasar da ta ba Miriam Makeba fasfo lokacin da ƙasarta, Afirka ta Kudu, ta hana ta komawa gida.

Issiakhem bai ga waɗannan ba. Ciwon daji ya kama shi, ya ci gaba da zane yana jinya, har ya zana fuskarsa yadda magani ya mayar da ita. Ya rasu a Aljas ranar 1 ga Disamba 1985. Kafin nan, a 1982, gwamnatin Chadli Bendjedid ta gina Maƙamush Shahid, ginin tunawa da shahidai, a kan tudu, ganyen dabino uku na kankare masu tsawon mita 92, can ake kai shugabannin ƙasashe su ajiye furanni. Hannayen da ke lambu suka zama abin da ake wucewa ta gabansa a tafi aiki. Yaran da aka haifa bayan 1978 suka girma, da yawansu ba su san akwai komai a ciki ba.

A 2012, shekarar da ƙasar ke bikin cika shekara 50 da 'yanci, kankaren ya tsage. Masu wucewa suka leƙa ta tsagar suka hango sassaƙar Landowski tana nan yadda aka bar ta shekara 34 da suka wuce. Hotuna suka bazu, gardama ta tashi a jaridun Aljeriya da na Faransa. Wasu suka ce a fasa rufin a fito da aikin, tunda na babban masassaƙi ne kuma akwai kakanninsu a ciki. Wasu suka ce fito da shi cin amanar shahidai ne, a toshe. Wasu kuma suka tuna wa kowa cewa rufin ma aikin babban mai zane ne, wanda ya fasa shi don ceton Landowski ya rusa Issiakhem. Wata mai fasaha 'yar birnin, Amina Menia, ta ɗauki batun ta yi aiki a kansa mai suna Enclosed, ta tattara hotuna da takardun mutanen biyu ta nuna a ƙasashen waje. Hukumomin Aljas ba su fasa rufin ba, aka yi masa gyara aka bar shi a inda yake, a kan titin da yanzu ke ɗauke da sunan Mohamed Khemisti, ministan harkokin wajen Aljeriya na farko.